'Beloved': Uwar da ta gwammace kashe 'yarta da a mayar da ita bauta

A watan Janairun 1856, wata baiwa mai suna Margaret Garner ta tsere daga jihar Kentucky ta Amurka tare da mijinta da 'ya'yanta, suka tsallake Kogin Ohio da sanyi ya daskarar zuwa birnin Cincinnati. Da masu farautar bayi suka kewaye gidan da suka ɓuya, sai ta yanka 'yarta mai shekara biyu don kada yarinyar ta tashi cikin ƙangi. Ba a yi mata shari'ar kisan kai ba. An ɗauke ta a matsayin dukiyar da ta gudu, aka mayar da ita ga ubangidanta bisa dokar bayi masu tserewa ta 1850.

Wannan labari ne marubuciya Toni Morrison ta gina littafinta "Beloved" a kansa, wanda ya fito a 1987, ya kuma lashe kyautar Pulitzer a 1988.

Tauraruwar littafin, Sethe, tana zaune a gefen Cincinnati a 1873, shekara 18 bayan ta aikata irin abin da Garner ta aikata. Bayanta cike yake da tabon bulala, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda wasu samarin Turawa suka danne ta suka sha nonon da take tanadar wa jaririyarta. Maƙwabta sun ƙaurace mata, suna ganin girman kai ya yi mata yawa. Sai ga wata budurwa da ba a san asalinta ba ta bayyana a gidan, Sethe ta sakankance 'yarta ce ta dawo, ta bar aiki, ta sallama mata komai har ta fara ramewa.

Morrison ba ta wanke Sethe ba, ba ta kuma bar jarumtarta ta ishe ta ba. Ƙaramar 'yarta, Denver, ce ta fita neman taimako. Matan unguwar da suka juya musu baya suka shiga ajiye musu abinci, daga bisani su kusan 30 suka taru a ƙofar gidan suna addu'a da waƙa.

Ana cikin haka wani Bature ya doso gidan a keken doki. Sethe ta ɗauka tsohon ubangidanta ne ya sake zuwa. A wannan karon shi ta tasam ma da makami a hannu, matan suka tare ta suka riƙe, baƙuwar budurwar kuwa ta ɓace.