Motoci Masu Amfani da Lantarki: Me Gwamnati Ta Yi, Kuma Me Ya Hana Su Isowa Gaya?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin ɗan acaɓa a Gaya da Ajingi ya rikice. Litar da ake saya ƙasa da N200 ta haura N1,000 a ƙarshen 2024. Shi ya sa duk wanda ya ga bidiyon motar da ake jonawa a caji kamar waya yake tambayar yaushe za ta iso wajenmu.

Abin da gwamnati ta yi

A shekarar 2020 kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona, motar lantarki ta farko da aka haɗa a Najeriya. A 2021 hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sannan ta kafa irinta a jami'o'in Legas da Nsukka. A wannan shekarar ce kuma Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa za ta kawo ƙarshen ƙara wa duniya gurɓataccen hayaƙi nan da 2060. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT na kashi 7.5 a kan motocin lantarki. A matakin jihohi kuwa, Borno ta yi gaba, domin gwamnatin Babagana Zulum ta sa motocin haya na lantarki a titunan Maiduguri.

Shin akwai sauƙi kuwa?

Akwai. Batirin babbar Kona yana ɗaukar yunit 64 na wuta, wato abin da zai cika wayoyi sama da 3,000 masu batirin 5000mAh. A farashin Band A na Afrilun 2024, N225 kowane yunit, cika shi zai ci N14,400, kuma motar za ta yi tafiyar sama da kilomita 400. Motar fetur mai shan lita ɗaya a kilomita goma kuwa sai ta sha lita 40 a wannan tafiyar. Ga shi babu canjin baƙin mai, babu filogi, babu kafireto.

To ina gizo ke saƙar?

Na farko, wuta. Wancan lissafin na wanda yake Band A ne, mai samun aƙalla awa 20 a rana. Mutumin da yake kai wayarsa shagon caji, a ina zai caja mota? Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa Kano da maƙwabtanta cikin duhu na tsawon kwanaki. Idan kuma da janareta za a yi cajin, an gudu ne ba a tsira ba.

Na biyu, kuɗin saye. Batiri ne mafi tsada a jikin abin hawan, daga waje ake shigo da shi, da dala. Cire VAT ya rage wani abu, amma faɗuwar darajar naira ta cinye ragin. Yawancin matasa ma a kan balas suke karɓar babur ko Adaidaita Sahu, ba su da kuɗin biya lokaci guda.

Na uku, gyara. Bakanikenmu ya san injin fetur ciki da waje, amma batirin lithium da na'urar da ke sarrafa shi wani karatu ne daban. Zafin bazara kuma yana rage wa irin wannan batiri kwana, kamar yadda kake gani a wayarka.

Ta ina za a fara?

A garuruwa irin Gaya, babur da Adaidaita ne za su riga mota, domin batirin babur bai kai kashi ɗaya cikin goma na Kona ba, kuma sola za ta iya cika shi. A Ruwanda da Jamhuriyar Benin, kamfanoni irin su Ampersand da Spiro suna amfani da tsarin musayar batiri: ka kawo wanda ya ƙare, a ba ka cikakke cikin 'yan mintuna, ka biya kuɗin wutar kawai. Batirin na kamfani ne, don haka farashin babur ɗin yana sauka. Kusan sana'ar masu cajin waya ce aka faɗaɗa.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ke nan Kano na iya sauƙaƙa kafa tashoshin musayar batiri masu sola a tashar Gaya da hanyar Wudil, a samar da bashi mai sauƙin biya, a kuma horar da makanikai a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil.

Kafin nan, idan an tallata maka babur na lantarki, kada kyan jikinsa ya ruɗe ka. Tambayi mai sayarwa kilomita nawa yake yi da kaya a kai, awa nawa yake ɗauka kafin ya cika, garantin batirin na shekara nawa ne, nawa ne sabon batiri, kuma wa zai gyara maka shi ba sai ka ɗora shi a mota zuwa Kano ba. Idan ya kasa amsa biyun ƙarshe, ka riƙe kuɗinka tukuna.