Takardar da Ake Dannawa Ta Amsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a kasuwar shanu ta Mubi yana jiran rasit, ya mori API ko da bai taɓa jin sunansa ba. Na'urar ce ke aika saƙo zuwa kwamfutar kamfanin kuɗi, can kuma a ba ta amsa. API shi ne ƙa'idar wannan zance: ta wace ƙofa za a shiga, me za a miƙa, me za a karɓo.

To, mai haɗa manhaja ba boka ba ne, sai an rubuta masa ƙa'idar. A da dogon bayani ake jibge masa, ya karanta ya yi ta lalube. A 2011 Tony Tam, injiniya a kamfanin Wordnik na Amurka, ya fito da Swagger. Kamfanin SmartBear ya karɓe shi a 2015, tsarin rubutun kuma ya koma suna OpenAPI a 2016. Dabarar ita ce a zuba bayanin duka a fayil guda na YAML ko JSON, sai Swagger UI ya mayar da shi shafi mai maɓallin gwaji. Ka cike gurbi, ka danna, amsar ta fito nan take.

Mu ɗauka ɗalibin kwamfuta ne a Jami'ar Jihar Adamawa yake haɗa wa wani mai shago hanyar karɓar kuɗi ta Paystack. A Paystack da kwabo ake lissafi, ba da naira ba. In ya rubuta 5000 da nufin naira dubu biyar, naira hamsin ya nema. 500000 ya kamata ya sa. Wannan yana rubuce a takardar bayanin, amma ido kan tsallake shi. Da makullin gwaji, mai farawa da sk_test, zai ga ɓarnar a allo ba tare da ko sisin wani ya motsa ba. In makullin ne ba daidai ba, lambar 401 za ta dawo masa. Gani ya kori ji.

Masu rubuta takardar ma ba su tsira ba, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Manhaja takan sauya a bar takarda a baya, har ta koma tana yi wa mutane ƙarya. Gara babu ita da irin wannan. Shi ya sa ake leƙa ta kafin a sake ta. Netlify, alal misali, kan gina shafin wucin gadi mai adireshinsa ga kowane gyara da aka gabatar, abokin aiki ya buɗe ya daddanna kafin a amince.

A wannan leƙen ake kama abubuwan kunya: maɓallin gwaji da ke nuni ga asusun gaske, ko makullin sirri da wani ya manta a cikin misali. Wani lokacin burauza ce ke ƙin aika saƙon, saboda sabar ba ta ba wa sabon adireshin izini ba.

Ni dai da za a tambaye ni, a riƙa buɗe shafin a ƙaramar waya ma, da datar da ɗalibi ke iya saye, a lokacin da sabis ke rawa.