Kifin Bonga da Matsayinsa a Sana'ar Su

Bonga ƙaramin kifi ne mai yawan ƙaya, wanda yake yawo garke-garke a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, musamman inda ruwan kogi yake haɗuwa da na gishiri. A Nijeriya, masuntan jihohin Akwa Ibom, Kuros Riba da Ribas sukan kama shi da taru, galibi da rani. Da yake yana saurin ruɓewa, mata sukan yi bandarsa kafin a kai kasuwa. Sai dai bandar tana cinye itatuwan bakin teku, inda 'ya'yan kifi suke fakewa. Saboda haka, muna ganin ya dace darasin sana'o'i ya fahimtar da ɗalibai cewa kare itatuwan nan kare abincin masunta ne.