Inda Dare Zai Riski Matafiyi: Zaɓen Masauki a Hanyar Santiago

Daga watan Mayu zuwa Satumba, tun gari bai waye ba, ƙauyukan arewacin Sifaniya da ke kan hanyar Santiago kan cika da ƙarar sanduna da takun takalma. Mutane ne ke fitowa daga masaukai, fitila ɗaure a goshi, jaka goye a baya, suna bin kibiyoyi masu ruwan ɗorawa da aka zana a jikin bango da duwatsu. Wasunsu gudun zafin rana suke yi. Amma da yawa abin da ya tashe su da ƙarfe biyar na asuba shi ne gado. So suke su riga abokan tafiyarsu isa zango na gaba, kafin a rataye allon da ke cewa wuri ya cika.

Hanyar tana ƙarewa ne a birnin Santiago de Compostela, a yankin Galisiya, inda Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika suka yi imani cewa an binne Yaƙubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajirai goma sha biyu na Annabi Isa. Tun ƙarni na 9 ake zuwa wannan ziyara. Hanyoyin suna da yawa, amma wadda ta fi shahara ita ce Camino Francés, wadda ke tasowa daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port a kudancin Faransa. Tsawonta ya kai wajen kilomita 780, kuma mai matsakaicin ƙarfi kan cinye ta cikin kwana 30 zuwa 35. A farkon shekarun 1980 hanyar ta kusa mutuwa, har sai da wani limamin coci na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, ya ɗauki fenti ya bi yana zana kibiyoyin nan. A 1993 hukumar UNESCO ta sa hanyar cikin kayan tarihin duniya. A 2019 mutum sama da 347,000 ne suka karɓi takardar shaidar kammala ziyara, a 2024 kuma adadin ya kusa 500,000. Ƙauyen da mazaunansa ba su wuce ɗari biyu ba, ba zai iya ƙara gadaje da irin wannan saurin ba.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙafa, ta Borno da Fort Lamy da Abeche, suka ratsa Darfur da Kordofan har bakin Bahar Maliya, su ma tafiyarsu a kan zango take rataye: ina ruwa, ina ɗan uwa da zai karɓe ka, ina za a tsaya a yi ƙwadago a sami guzuri. Wasu zangunan sun zama garuruwa, kamar Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Bambancin shi ne su shekaru suke yi a hanya, mai zuwa Santiago kuwa hutun wata guda ya ɗauko daga wurin aiki, ga tikitin jirgin komawa a aljihu. Wannan ƙarancin lokacin shi ke haifar da rabin kurakuran da ake yi wajen zaɓen wurin kwana.

Kafin komai, galibi ba a shiga masaukin maziyarta, wanda suke kira albergue, sai da ɗan littafin shaida mai suna credencial. Kusan kowane masauki yana buga masa hatimi da kwanan wata, haka ma coci-coci da shagunan shan gahawa. Da shi ake gane cewa mutum da ƙafarsa ya zo, kuma da shi zai karɓi takardar kammalawa a Santiago, muddin ya taka aƙalla kilomita 100 a ƙafa, ko 200 a keke. A cikin waɗannan kilomitoci na ƙarshe hatimi biyu ake so a kowace rana.

Masaukan kansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙananan hukumomi da na gwamnatin Galisiya, waɗanda kuɗinsu kan kama wajen yuro 10. Ɗaki ne babba, gadaje masu hawa biyu a jere, banɗaki na tarayya. Galibinsu ba a kama gado tun daga nesa, wanda ya riga zuwa shi ke samu, shi ya sa za ka ga jakunkuna jere a bakin ƙofa tun kafin azahar suna riƙe wa masu su layi. Mai tafiya a ƙafa yana gaban mai keke. Dare ɗaya ake yi sai in rashin lafiya ta kama mutum, ana rufe ƙofa da ƙarfe goma na dare, kuma da ƙarfe takwas na safe kowa ya fice. Akwai kuma na 'yan kasuwa, masu ɗan tsada, waɗanda ake iya kama gado a cikinsu ta waya ko ta intanet, galibi da injin wanki, wani lokaci har da labule a kowane gado. Waɗannan ba su da wuyar fahimta: ka biya, ka kwanta.

Kashi na uku shi ne ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne abin da ya raba wannan hanya da yawon buɗe ido. Su ne masaukan da coci-coci da ƙungiyoyin tsofaffin maziyarta ke gudanarwa, da yawansu ba su da ƙayyadadden farashi. Akwati ne a ajiye, kowa ya saka abin da ya ga zai iya. Wannan tsari suke kira donativo. Masu kula da su 'yan sa-kai ne, mutanen da suka taɓa taka hanyar da kansu, suka dawo su yi mako biyu suna shara da girki da wanke banɗaki ba tare da an biya su ko sisi ba. Ƙungiyarsu ta samo asali ne a 1990, lokacin da wata malamar makaranta, Lourdes Lluch, ta kama gida a ƙauyen Hornillos del Camino ta buɗe shi ga masu wucewa.

A garin Grañón, masaukin yana jikin cocin San Juan Bautista ne. Babu gado, katifu ne sirara a ƙasa. Baƙin su ke yanka albasa su dafa abincin dare tare, su ci tare, su wanke kwanuka tare. Ba sa buga hatimi ma. A San Nicolás de Puente Fitero, wani tsohon ɗakin ibada da ke kusa da kogin Pisuerga, 'yan wata ƙungiya daga birnin Perugia na Italiya ne ke karɓar baƙi kaɗan, su wanke musu ƙafafu kafin a ci abinci a hasken kyandir. A Rabanal del Camino kuwa, 'yan sa-kai na wata ƙungiyar Ingila ne ke riƙe da masaukin Gaucelmo. Wanda ya yi kwana talatin a hanya bai kwana ko sau ɗaya a irin waɗannan wurare ba, a ganina ya bar abin da ya fi daraja a baya.

Sai dai akwai abin takaici. Da yawa sun ɗauki akwatin nan a matsayin kyauta, su ci su sha su yi wanka da ruwan zafi, su jefa 'yan tsaba su yi gaba, alhali a gari na gaba za su kashe ninkin haka a kan abin sha. Kuɗin da baƙon jiya ya bari da shi aka sayi burodin da na yau ya ci. Wanda ba shi da hali, dominsa aka yi tsarin, kuma ba wanda zai dube shi. Amma mai hali da ya ƙi saka ko da abin da zai biya a masaukin hukuma tare da kuɗin abincin dare, shi ke tura irin waɗannan gidaje su ƙayyade farashi ko su rufe, kuma wasu sun riga sun yi hakan.

Sanin irin masauki abu ɗaya ne, sanin garin da za a tsaya wani abu ne daban. Littattafan jagora sun yanka hanyar gunduwa-gunduwa. Na marigayi John Brierley, wanda ya fi yawo a hannun masu jin Turanci, ya raba ta zango 33. Tun a ƙarni na 12 ma littafin Codex Calixtinus ya yi irin wannan rabo. Rabon ba laifi ba ne, illarsa ita ce dubban mutane na riƙe da jadawali guda, sai duk su taru a gari ɗaya a dare ɗaya, alhali ƙauyen da ke kilomita huɗu kafin nan ko biyar bayan nan yana da gadaje babu kowa. Wanda ya tsaya a tsakanin zangunan littafi ya huta da rububi, kuma washegari zai sami hanyar kusan shi kaɗai.

Ranar farko ita ta fi cin mutane. Daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles kilomita 24 ne ko 25, amma ana hawan tsaunukan Pyrenees daga ƙasa da mita 200 zuwa sama da mita 1,400, sannan a gangaro. Mutum bai saba ba, jakarsa ta fi ƙarfinsa, ga ɗoki. Akwai ɗan masauki a Orisson, wajen kilomita 8 daga mafari, wanda ke raba hawan gida biyu, amma gadajensa kaɗan ne, sai an kama tun da makonni. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris hukuma na rufe wannan hanya ta kan tsauni saboda ƙanƙara ta sha hallaka mutane, sai a bi ta kwarin Valcarlos. Masaukin Roncesvalles babba ne, yana ɗaukar sama da mutum 180. Matsalar tana gaba: duk wannan taron zai sauka washegari a Zubiri da Larrasoaña, ƙananan garuruwa biyu da ba su da wurin kowa. Saboda haka ko masu ƙin kama gado tun daga nesa sukan yarda a kama na dare uku na farko, har a kai Pamplona inda jama'a ke fara warwatsuwa.

Can gaba, tsakanin Burgos da León, akwai fili fetal na gonakin alkama da suke kira Meseta, inda inuwa ke wuya. A nan lissafin ya koma na ruwa da rana. Daga Carrión de los Condes zuwa Calzadilla de la Cueza kilomita 17 ne babu ƙauye ko ɗaya. Wanda ya iso Carrión da tsakar rana a watan Yuli yana jin sauran ƙarfi a jikinsa, ya ce bari ya ƙara gaba, ya ɗauko wa kansa wahala. A nan ake kwana, a yi sammako. Sannu sannu kwana nesa.

Batun kama gado ta waya ya raba kan maziyarta. Masu ra'ayin gargajiya na cewa wanda ya tsara darensa talatin tun daga gida ya ɗaure kansa: ranar da bororo ya fito masa a tafin ƙafa ko gwiwa ta kumbura, dole ya ja jiki ya kai inda ya biya, ko ya hau mota. Suna da gaskiya. Amma dattijuwa mai shekara saba'in da ke tafiyar kilomita uku a awa, ba za ta taɓa riga matasa isa layi ba, kuma ba adalci ba ne a ce mata ta dogara da sa'a. Abin da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne tsaka-tsaki: da yamma, bayan an yi wanka an duba ƙafa, a kira masaukin gobe kaɗai. Wanda kuma ya fasa zuwa ya daure ya sanar. Masu masaukai na kokawa da mutanen da ke kama gado a wuri biyu ko uku, su je ɗaya, su bar sauran a riƙe har dare alhali an mayar da gajiyayyu daga bakin ƙofa. Haka ma mai aika jakarsa gaba a mota, hidimar da gidan waya na Correos da wasu kamfanoni ke yi, ya sani cewa ya ɗaure kansa da inda jakar ta sauka, kuma wasu masaukan coci ba sa karɓar kayan da mai su bai goyo ba.

In an isa ƙofa, 'yan abubuwa ne ake dubawa. A ɗaga gefen katifa a duba ɗinkinta, in akwai ɗige-ɗige baƙaƙe to akwai kuɗin cizo, kuma kada a taɓa ɗora jaka a kan gado, don ta nan yake bin mutane daga gari zuwa gari. A tambaya ko akwai shago a ƙauyen, domin ranar Lahadi yawancinsu a rufe suke. A leƙa kicin: na masaukan gwamnatin Galisiya sun yi suna wajen samun murhu mai kyau babu tukunya. Wannan ya shafi duk wanda ba ya cin naman alade ko shan giya, domin abincin maziyarta da gidajen abinci ke sayarwa kan zo da ruwan inabi, kuma alade na shiga miya da wake ba tare da an ambata ba. Gadon ƙasa a bar wa tsofaffi da masu ciwo. Minshari kuwa ba shi da magani sai abin toshe kunne. Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, masaukai da dama na rufewa, sai an tabbatar da wanda ke buɗe kafin a bar gari.

Daga Sarria, wajen kilomita 115 kafin Santiago, komai na sauyawa. Shi ne gari mafi sauƙin farawa ga mai son cika sharaɗin kilomita 100, saboda haka wajen kashi ɗaya cikin uku na masu isa Santiago daga nan suke tasowa, har da ayarin 'yan makaranta. Portomarín, Palas de Rei, Arzúa da O Pedrouzo, nan littattafai suka ce a kwana, nan kuma ake cika. Wanda ya taso tun daga Faransa, ƙafarsa ta riga ta saba, zai iya zarce kowannensu da awa guda ya sami ƙauye mai natsuwa.

Daren ƙarshe ya danganta da lokacin da mutum ke son shiga birni. Daga O Pedrouzo saura wajen kilomita 20, daga Monte do Gozo kuwa, inda aka gina babban sansani mai ɗaruruwan gadaje, saura biyar kacal, wanda ya kwana can zai isa ofishin maziyarta, inda ake karɓar takardar kammalawa, kafin layi ya yi tsawo. A dandalin babban cocin Santiago akwai ginin da Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella na Sifaniya suka ba da umarnin ginawa a 1499 don jinyar maziyarta da saukar da su. Yau otal ne na masu kuɗi, kwana ɗaya a cikinsa ya fi kuɗin mako biyu a masaukan hanya, sai dai ya daɗe da al'adar ciyar da maziyarta goma kyauta a kowace rana.