Yadda Ƙaramar Na'ura Za Ta Hana Sanyin Hunturu Lalata Maka Yogot

Duk mai haɗa yogot ko kindirmo a gida ya san halin watan Disamba da Janairu. Ka dafa madara, ka zuba iri, ka rufe da daddare, gari ya waye ka tarar da ita tsararo, ba ta kama ba. Mafi yawan lokuta sanyi ne ya jawo hakan, domin a garuruwa irin su Jos da Kano zafin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15 a lokacin hunturu.

Ƙwayoyin halittar da ke mayar da madara yogot, wato Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, sun fi aiki tsakanin digiri 40 zuwa 45. A wannan zafin, awa 4 zuwa 8 sun isa madara ta kama. Idan zafin ya faɗi, aikinsu yakan yi nauyi, wasu ƙwayoyin da ba a so su sami lokacin yaɗuwa. Idan kuma ya wuce digiri 50, sai su fara mutuwa. Saboda haka abin da ake buƙata shi ne zafi mai tsayawa wuri ɗaya har zuwa safiya.

Inda dabarar ta fi shahara

Masu haɗa giya a gida a Turai da Amurka sun daɗe suna fama da wannan matsala, domin yis ɗin da yawancinsu ke amfani da shi yana son digiri 18 zuwa 20, alhali garejinsu kan yi sanyi ƙwarai a lokacin ƙanƙara. Sai suka riƙa ɗaukar tsohon firij, su sa masa ƙaramin abin ɗumama a ciki, su haɗa shi da na'urar daidaita zafi. Dabarar tana aiki ga yogot da kwaɓin burodi, lambar kawai za ka canza.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar tana da siririyar waya mai kai kamar ƙwayar wake, ita ce ke jin zafi. Kai ne za ka ba ta lambobi biyu: zafin da kake so, da tazarar da ka yarda ya sauka. Idan ka sa 43 da tazarar digiri 1, za ta kunna abin ɗumama idan zafi ya sauka zuwa 42, ta kashe shi idan ya koma 43. Haka za ta yi ta yi kana barcinka.

Akwai guda uku da aka fi sani. STC-1000 tana da arha, amma sai an haɗa mata wayoyi, don haka ka bar wa mai gyaran wuta. Inkbird ITC-308 tana zuwa da soket biyu, ɗaya na ɗumama, ɗaya na sanyaya, kuma akwai samfurinta mai WiFi da za ka iya duba zafin ta manhaja a wayarka. Sai W1209, wadda masu injin ƙyanƙyasar ƙwai suka sani. Ita da wutar volt 12 take aiki, ke nan batir ko sola sun ishe ta, in dai abin ɗumamar ma na volt 12 ne.

Haɗa akwatin

Ka nemi babbar kula ko firij da ya daina aiki amma robar ƙofarsa tana kamawa. Ka sa ƙwan lantarki irin na da, mai wat 40 ko 60. Ƙwan LED ba zai yi ba, saboda zafinsa kaɗan ne. Ka kifa masa gwangwani mai huji, ka nisanta shi daga jikin roba da duk inda madara za ta iya zuba. Kada ka sa babbar hita: kafin na'ura ta kashe ta, zafi ya riga ya zarce. Ƙaramar fankar kwamfuta za ta taimaka wajen zagaya iska, don kada sama ta yi zafi ƙasa ta yi sanyi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin kan wayar jin zafi yana lilo a iska. Iska tana saurin ɗaukar zafi, madara kuwa a hankali take ɗauka. Na'ura za ta nuna maka 43 alhali madarar ba ta kai ba. Ka manna kan wayar a jikin robar madarar da salatif, ka ɗora masa guntun soso, sai ya riƙa karanta zafin madarar.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Ka sa gora biyu na ruwan ɗumi a cikin akwatin tun farko. Ruwa yana riƙe zafi na dogon lokaci, zai rage saurin faɗuwarsa. Kuma ka daure kada ka riƙa buɗe murfi kana leƙe, kowace buɗewa asarar zafi ce.

Kafin ka zuba madarar kuɗinka, ka gwada da ruwa zalla dare ɗaya. Idan ka tashi da asuba ka ga lambar tana tsakanin 42 da 43, to akwatinka ya shirya.