Rayfield: filin ƙwallon lambun da kuza ta bar mana, da amfaninsa ga mai hawan jini

Wanda ya san Jos ya san Rayfield da abu biyu: tsohon gidan gwamnati, da tafkin nan da ake cika wa ranar Sallah ko Kirsimeti. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa leƙa abu na uku, wato filin wasan golf, wanda 'yan jarida suka raɗa wa suna ƙwallon lambu. An kafa kulob ɗin a 1913, shekara guda kafin Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, kuma shi ake yi wa kallon mafi tsufa a Najeriya.

Filayen wannan wasa iri-iri ne. Akwai na bakin teku, irin na garin St Andrews a Sukotlan, inda babu itatuwa sai tudun yashi da iska. A can ne aka tsayar da ramuka 18 a 1764, kowa ya bi. Akwai kuma na cikin ƙasa, mai ciyawa da itatuwa da tafkuna. A Ingila da Ailan an shimfiɗa da yawa daga cikin irin waɗannan a gandun tsofaffin gidajen sarauta, kamar fadar Dromoland ta zuriyar O'Brien, ko Adare Manor da za ta karɓi gasar Ryder Cup a 2027. Rayfield ba shi da fada ko ganuwa. Gandunsa na kuza ne, sarakunansa kuwa manajojin kamfanonin haƙar ma'adinai.

Tun kafin zuwan Bature, maƙeran Riruwai suna narkar da kuza suna sayarwa. Turawan kamfanin Neja suka bi sawun wannan fatauci har suka hau dutsen Filato a farkon shekarun 1900, suka yi sansani a Naraguta, daga nan haƙa ta bazu zuwa Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Ƙasar Birom ce aka tona, leburorin kuma daga ko'ina aka kwaso su, ciki har da kakannin da yawa daga masu karanta wannan shafi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har aikin tilas aka yi, wanda tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, kuma mutanen da suka zo daga ƙasashe masu zafi sun sha wuyar sanyin Jos, da yawa ba su koma gida ba. A daidai wannan zamani manajoji ke fitowa da yamma suna buga ƙwallo a Rayfield. Baƙar fata in ya shiga filin, to jaka ya ɗauko wa wani. Yau jikokin masu ɗaukar jakar ne ke riƙe da sandar, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mutum ya kai 'ya'yansa su ga wurin.

Abin da ya fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne faɗi. A cikin gari, daga Tamina zuwa titin Bauchi, idonka ba ya wuce bayan motar da ke gabanka. A nan kuwa sai ka hangi duwatsu can nesa, iska na kaɗawa ba hayaƙin janareto, ba hon ɗin Keke. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, shi ya sa ko da rana tsaka mutum ke iya tafiyar da a Kano ko Sakkwato ba zai soma ba a watan Afrilu.

Tafiyar ce ta sa na kawo zancen a shafin lafiya. Wanda ya zagaya ramuka 18 da ƙafa yakan taka kilomita 6 zuwa 10 cikin awa huɗu ko kusa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Zagaye ɗaya ke nan ya kusa biya wa mutum bashin mako guda, kuma ba tare da gudu ko tsalle ba, abin da gwiwar ɗan shekara 55 ba za ta yarda da shi ba. Masu bincike na cibiyar Karolinska a ƙasar Suwidin sun bi bayanan 'yan wasan golf sama da 300,000, suka wallafa a 2009 cewa yawan mutuwa a cikinsu ya yi ƙasa da na sauran jama'a da kashi 40 cikin 100, abin da ya yi daidai da ƙarin shekara biyar. A yi hattara da wannan adadi: mai lafiyar da zai iya yawon awa huɗu shi ne ke zuwa filin tun farko, don haka ba duka ladan ke ga wasan ba. Amma babu jayayya cewa tafiya a kai a kai tana sauko da hawan jini, tana taimaka wa jiki ya yi amfani da insulin, tana gyara barci.

Sirrin wasan a wurina shi ne yana yaudarar mutum ya yi tafiya. A kantin magani kullum ina gaya wa masu karɓar maganin hawan jini su riƙa takawa. Kowa zai ce to, Hajiya, in sha Allah. Wata uku sai ya dawo, tumbi ya ƙaru, an ƙara masa ƙwaya ta biyu. Magidanci ba ya son a gan shi yana yawo a titi babu inda za shi, kar a ce motarsa ta lalace ko kasuwa ta karye. Amma ka ba shi sanda da ƙwallo da abokin hira, zai yi kilomita bakwai bai sani ba. Saboda haka wanda ya je fili irin wannan ya hau 'yar motar da ke yawo da 'yan wasa, alhali ƙafarsa lafiya lau, ya biya kuɗi ne ya zubar da maganin. Haka wanda ya gama zagaye ya zauna ya kora tsire da lemon kwalba biyu.

Sai dai yawon awa huɗu ba abin da mai shan magani zai faɗa wa kai tsaye ba ne. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, shi ne na fi jin tsoro. Waɗannan magunguna suna ci gaba da sauko da suga ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, tafiya kuma tana ƙara sauko da shi. Alamomin su ne karkarwa, zufa mai sanyi, yunwa kwatsam, bugun zuciya, ruɗewa, wani ma sai ya hau faɗa ba dalili. A auna kafin a fita. In ya yi ƙasa da 100 a ci wani abu tukuna. A sa dabino ko sukari a aljihu, ba a jakar da aka bari a mota ba. In alamun suka zo, a sha kamar cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai suga, a zauna, a sake aunawa bayan minti 15. Sugan yana iya sake faɗuwa da daddare bayan an koma gida, don haka uwargida ta san da wannan. Mai shan metformin kaɗai ba kasafai hakan ke samunsa ba.

Wanda ya haɗa ciwon suga da atenolol ko propranolol ya ƙara kula, domin waɗannan suna ɓoye karkarwa da bugun zuciyar da ke yi wa mutum gargaɗi. Zufa ce kawai ke rage masa. Suna kuma hana bugun zuciya hawa, saboda haka kada ya dogara da agogon hannu mai ƙirga bugu. Ma'auni mai sauƙi: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, tafiyar ta yi daidai. Masu shan magungunan sa fitsari, irin su Lasix da Moduretic, matsalarsu ruwa ce. Sanyin Jos yana ɓoye ƙishirwa, mutum na ta bushewa bai ji ba, sai ya sunkuya ɗaukar ƙwallo ya miƙe jiri ya kwashe shi. A riƙa kurɓar ruwa a hanya, amma kada a tsallake maganin don za a fita, sai da shawarar likita. Shi ma mai ciwon zuciya ko ƙoda da aka ƙayyade wa ruwa ya tsaya a kan abin da aka ƙayyade masa. Wanda ya auna da safe ya ga 180 bisa 110 ko sama, ranar ba ta fili ba ce, ta asibiti ce. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya yanke, ko wani ɓari na jiki ya yi sanyi, a dakata nan take a nemi asibiti.

Akwai kuma ciprofloxacin, wanda mutanenmu ke sha kamar gyaɗa da sunan taifod. Yana iya raunana jijiyar agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura 60 ko yake shan prednisolone. Mai shan sa ya ɗaga doguwar tafiya, in kuma ya ji ciwo a bayan diddige ya tsayar da maganin ya ga likita. Shi da doxycycline duka suna sa fata saurin ƙonewa a rana, ga shi ƙarfin hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau. Malfa da riga mai dogon hannu sun wadatar ga yawancinmu. Zabiya da masu shafa man bilicin su ne ke buƙatar man kariya sosai. Washegari in jiki ya yi tsami, mai hawan jini ko gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya bar diclofenac da ibuprofen, ya sha farasitamol.

Batun mata shi ya fi damuna. Mijin yana da kasuwa da masallaci da majalisa. Matar daga kicin sai falo sai kujerar mota, kuma ita ce ke zuwa mini da ciwon gwiwa da suga tun ba ta kai 45 ba. Ba wai ba ta son takawa ba ne, wurin da za ta taka cikin mutunci ne babu. Wasan nan ba ya buƙatar gajeren wando; doguwar riga da wando da mayafin da ba ya kama hannu, da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, sun isa. Wuri ne na 'yan ƙungiya, don haka a fara bi ta ofishinsu ko ta hannun wani ɗan kulob a ji sharuɗɗan baƙi da na sutura kafin a kwashi iyali. Ba lallai a fara da ramuka 18 ba. Tara rabin zagaye ne, kuma ga wanda ya shekara goma bai yi tafiyar minti 30 ba, uku ma sun isa ranar farko. Akwai wani filin a Lamingo ga waɗanda suka fi kusa da can.

In da yara, a tsayar da su bayan mai bugu, nesa da inda sanda ke kaiwa, domin ƙwallon tauri gare ta kamar dutse. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, musamman da safiyar hunturu. Da damina kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, hadarin Jos ba ya sallama. Da an ji tsawa a ajiye sandunan ƙarfe a shiga gini ko mota, ba gindin itace ba, a kuma jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Tafkunan da ke warwatse a yankin Rayfield da Bukuru yawancinsu ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, ruwan na da sanyi da zurfi tun daga taku na farko, kuma sun sha cin yara. Ƙwallon da ta faɗa ruwa a bar ta can, kada a aiki yaro ya ɗauko.