Garkar makaranta: littafi guda na aji shida

Kowace shekara, a farkon watan Oktoba, lokacin da gero ya shiga rumbu, yara suna komawa makaranta. Kuma kowace shekara ana samun uban da ke yin tambaya ɗaya: in ɗana ya yi shekara 6 a lakwal, ya fito bai samu aikin gwamnati ba, kuma ya manta da riƙon hauya, mine ne ribata? Tambayar tana da nauyi, don kuwa ba dukan yaran da suka gama firamare ke wucewa koleji ba. Amsarta tana cikin ayyukan da yaro ke yi da hannunsa tun daga ajin farko.

Wannan tunani ba sabo ba ne a Nijar. Tun a 1964, Abdu Mumuni Joffo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya nuna cikin littafinsa kan ilimi a Afirka cewa tarbiyyar gargajiya ba ta raba koyo da aiki. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa. A 1974 aka kafa INDRAP domin shirya littattafai da dabarun koyarwa. Daga baya tsarin karatun firamare ya ware wuri ga ayyukan hannu da na samar da amfani, waɗanda malamai ke kira APP. Garkar makaranta ita ce misalin da ya fi kowane bayyana abin da ake nufi, saboda shekarar karatu ta dace da lokacin noman rani.

A aji na 1 da na 2, watau CI da CP, yaro yana koyo da ido da yatsa. Yana ƙidaya da kara, da tsakuwa, da ƙwayar wake. Yana ɗaure kara goma-goma har ya gane bambancin 3 da 30. Kowane yaro ya shuka wake cikin gwangwani, ya ba shi ruwa, ya zana tsiron a kan allonsa kowane mako. Malami ya ajiye gwangwani ɗaya cikin duhu, wani kuma ya hana shi ruwa. Bayan kwana goma, yaran da kansu za su faɗi abin da shuka ke bukata. Gani ya kori ji.

A aji na 3 da na 4, CE1 da CE2, awo ya shigo. Yara su ɗauki igiya da mita su fitar da fangali mai tsawon mita 5 da faɗin mita 1. Su ƙidaya bokitin ruwan da yake sha a rana, su maida shi lita. Su rubuta cikin kayensu ranar shuka, da ranar tsiro, da ranar dashe. Nan ne rubutu ke samun ma'ana, don yaro ya ga cewa takarda tana riƙe abin da kai ke mantawa.

A aji na 5 da na 6, CM1 da CM2, garka ta zama makarantar tsimi da tanadi. Yara su shuka ƙwayar iri 100 cikin yashi mai laima; in 80 suka tsiro, sun fahimci ma'anar kashi 80 cikin ɗari, kuma sun koyi gwada iri kafin damina, abin da zai amfani gonar gidansu. Su riƙe littafin kuɗin ƙungiyar makaranta: nawa aka sayi irin albasa da salati, nawa aka sayar, nawa ya rage. Su reni dashen zogale da bedi. Su je wurin tsofaffin gari su tambayi tarihin rijiyar gari da na shekarun fari kamar 1973 da 1984, su dawo su rubuta abin da suka ji.

Amma dole a faɗi gaskiya. A wurare da dama sunan aikin hannu ya koma share fili da ɗebo ruwa, ba awo, ba rubutu. Aikin da ba a haɗa shi da darasi ba, bauta ce, kuma iyaye suna da haƙƙin ƙin ta. Haka nan in aka sayar da kayan garka ba tare da yara sun ga lissafin ba, an koya musu akasin abin da ake nema. Akwai kuma matsalar hutu: bukin dashen itace na 3 ga Agusta yana faɗowa lokacin da makarantu ke rufe, don haka in ba a damƙa dashen ga unguwa ba, awaki ne ke cin wahalar yara.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. Sufetocin makarantu, in sun zo rangadi, su nemi ganin kayen garka kamar yadda suke neman na lissafi. Hakimai da ƙungiyoyin iyaye su taimaka da shinge da ruwa. Ku kuma da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, kun iya karatu, kun kuma san ƙasa fiye da malamin da aka turo daga birni. Ku leƙa makarantar garinku, ku nuna wa yara yadda ake haɗa taki da dasa albasa, ku duba littafin kuɗinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya iya auna fangalinsa a yau, shi ne manomin da ba za a cuta a kan sikeli ba gobe.